Zangon iyali a tsibirin K'gari

Tsibirin K'gari na jihar Queensland a Ostareliya shi ne tsibirin yashi mafi girma a duniya, tsawonsa ya haura kilomita 120. Iyalai kan loda tanti da guzuri, jirgin fito ya tsallaka da motarsu. Sai dai ba kowace mota ba: dole mai jan ƙafa huɗu, domin bakin teku shi ne babban titi, kuma sai ruwa ya janye ake tuƙi. Babbar damuwar iyaye ita ce dingo, karnukan daji masu sanɗowa zango neman abinci. Shi ya sa hukuma ke shawartar masu ƙananan yara su kwana cikin wuraren da aka kewaye da shinge. Wanka kuwa ya fi aminci a tafkunan tsibirin, irin su McKenzie, saboda igiyar tekun tana da ja.