Sauyin Yanayi: Tallafi Ko Bashi?



A 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara don tinkarar sauyin yanayi. A taron Baku na 2024 aka ƙara zuwa biliyan 300 kafin 2035. Sai dai galibin abin da ya iso bashi ne.

Ƙungiyoyin ƙwadago suna neman tallafi tsantsa, domin daga harajin ma'aikaci ake biyan bashi. Suna kuma son a riƙa shawara da su, don mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu da ke ma'aikatun gwamnati, mu riƙa tambaya: wa zai biya?