Jirgi Uku, Kwana Goma: Kada Magariba Ta Same Ku A Titi

Waɗanda data ta yi wa ƙaranci, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba.

Tun da na saka hotunan nan da na ɗauka ta tagar jirgin ƙasa, saƙonni suke ta shigowa. Ta ina kuka bi? Kwana nawa kuka yi? Ba ku ji tsoro ba? To yau zan amsa. Amma da kuskurena zan fara, don in na miƙa muku tsarin haka kawai, za ku ce na cika ɓata kwanaki.

Da farko mu san abin da muke da shi. Dogayen sababbin layukan dogo da ke ɗaukar fasinja tsakanin jihohi a Najeriya guda uku ne. Akwai na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, an buɗe shi a 2016. Akwai na Itakpe a jihar Kogi zuwa Warri a jihar Delta, kilomita 326, an buɗe shi a 2020. Sai na Legas zuwa Ibadan, kilomita 157, an buɗe shi a 2021. Jimilla kilomita 669. Matsalar ita ce babu wanda ya haɗe da ɗan'uwansa. In ka sauka a Idu, mota za ka nema zuwa Itakpe. In ka sauka a Warri, mota ce za ta kai ka Legas. Kun ga ke nan wanda ya ce zai zaga ƙasar nan a jirgi, fiye da rabin tafiyarsa a titi zai yi ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu shida muka yi tafiyar, maza huɗu, mata biyu. Ɗaya daga cikin matan ƙanwar abokina ce, ta gama jami'a tana jiran bautar ƙasa. Kafin a bar ta sai da muka je gaban mahaifinsu. Na baje masa takardar tsarina, ina ta bayani kamar mai kare digiri. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Yaro, abu ɗaya nake so. Kada magariba ta same ku a kan titi. Ka ɗauka?" Na ce, "Na ɗauka, Baba."

Tsarin nawa na kwana biyar ne, kuma wallahi a takarda ya yi kyau. Rana ta biyu za mu tashi daga Abuja da asuba, mu bi ta Gwagwalada, Abaji, Koton Karfe, Lokoja, mu isa Itakpe mu hau jirgi a ranar. Na ma riga na biya kuɗin masauki a Warri. Awa ɗaya kacal na bari ta ko-ta-kwana.

Mun wuce Abaji kaɗan motar ta fara tururi. Aka tsaya, aka nemo ruwa, aka nemo bakanike. Da muka tashi kuma muka faɗa cunkoson tireloli kafin gadar Jamata. Muna isa Itakpe muka tarar jirgi ya tafi. Ku lura da kyau, jirgin bai yi mana laifin komai ba, mu ne muka makara. Kuma jirgin ƙasa ba motar tasha ba ne da za ka ce in wannan ta cika wata na zuwa. In ya wuce ka, yawanci sai gobe.

Nan gardama ta kaure. Mutum uku suka ce mu shiga mota mu bi ta Auchi da Benin, ko ƙarfe nawa ne mu kwana a Warri, tunda an biya ɗaki. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma can zuciyata ta karkata, don kuɗin ba na wasa ba ne, kuma ni na haɗa tsarin, kunya ta ishe ni. Sai yarinyar nan ta ce, "Yaya, kai fa ka ce wa Baba ka ɗauka." Kowa ya yi shiru. Muka juya Lokoja, muka kwana, kuɗin masaukin Warri ya bi ruwa. Da na kira Baba na faɗa masa, cewa ya yi, "Allah ya yi maka albarka. Kuɗi ana samu."

A daren nan na yaga takardar na sake sabon tsari, kuma shi zan ba ku yau. Abin da na gane shi ne, jinkirin awa uku ba ya cutar da kowa in kana zaune a tasha da ruwanka da cajinka. Inda yake zama masifa shi ne in ya tura ka titi cikin dare, saboda ka ɗaura wani abu a gaba wanda ba ka son ka rasa. Don haka duk tsarin a kan tambaya ɗaya yake: in aka samu jinkiri yau, ina zan kwana?

Kuma kada wani ya ce ai tsoro ne kawai. Ranar 28 ga Maris, 2022, aka kai hari kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, da dare, aka kashe mutane aka sace wasu da dama. Sai a watan Disamba na shekarar jirgin ya dawo aiki. A Janairun 2023 an sace fasinjoji a tashar Igueben da ke jihar Edo, a kan layin Itakpe. A Agustan 2025 jirgin Kaduna ya goce daga kan layi, aka dakatar da shi na makonni. Ta ɓangaren titi kuma, ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun datse hanyar Lokoja zuwa Abuja, matafiya suka kwana da kwanaki a mota. Ba na kawo waɗannan don in hana ku tafiya. Na kawo su ne don ku san irin abin da ake shiryawa domin sa.

To ga ƙa'idojin.

Ta ɗaya, doguwar tafiya ɗaya a rana. Ko doguwar mota, ko jirgi. Kada ka haɗa awa huɗu na titi da jirgin da ba ya jiran kowa a rana guda. Ka kwana kusa da tashar da za ka tashi.

Ta biyu, ka ɗauki lokacin isowa da aka rubuta, ka ƙara masa awa uku. In lissafin ya faɗa dare, to ka tanadi masauki kusa da tashar sauka, da wanda zai zo ya ɗauke ku. Yawancin tashoshin nan a bayan gari suke. Ta Warri tana Ujevwu, ta Ibadan tana Moniya. Saukowa daga jirgi bai zama ka iso gari ba.

Ta uku, ka san ƙofar fitarka tun kafin ka hau. A layin Itakpe, garin Agbor yana kan babban titin Benin zuwa Asaba, gari ne babba mai masaukai. In ka ga rana ta yi nisa, sauka a Agbor ya fi maka isa Warri a makare, kuma in Legas ka nufa ka ma rage hanya. A layin Legas, Abeokuta ce a tsakiya.

Ta huɗu, rana ɗaya ta banza a tsakiyar tafiya, wadda ba a rubuta mata komai ba. In komai ya tafi daidai, ranar hutu ce da wanki da yawon kasuwa. In an soke jirgi, ita za ta shanye asarar. Sannan kada ka ɗaura ƙarshen tafiyar da abin da ba a ɗagawa: jarrabawa, intabiyu, ɗaurin aure, shiga sansanin bautar ƙasa. Ka bar kwana biyu tsakani.

Ta biyar, kuɗi. Kada ka biya masauki na kwanaki a gaba sai wanda zai yarda a canza rana. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiya ka manta da shi, na ranar da abu ya lalace ne. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don akwai inda sabis zai ɗauke, tiransifa ta ƙi tafiya.

Ta shida, lokacin shekara. Ka kauce wa ƙarshen damina, wato Satumba da Oktoba, saboda hanyar Lokoja. Ka kauce wa makon Sallah da na Kirsimeti, lokacin da tikiti ke ƙarewa tun kafin ka buɗe waya. Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi daɗi, ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, hazo bai rufe duwatsu ba.

Ga yadda kwana goman suke. Rana ta ɗaya, jirgin safe daga Rigasa zuwa Idu, a kwana Abuja. Ta biyu, mota zuwa Lokoja. Kada ku ɗauki Lokoja a matsayin wurin kwana kawai. Ku hau dutsen Patti ku ga inda kogin Neja ya haɗu da Binuwai. A garin nan Turawa suka ajiye sarakunanmu da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu a nan ya rasu a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi shi ma a nan ya ƙare rayuwarsa, kaburburansu suna nan. Da tsarina na farko ya yi aiki, da ta gefensu zan wuce a guje ban sani ba.

Rana ta uku, gajeriyar mota zuwa Itakpe, sai jirgi. Wannan shi ne zangon da ya fi kyau. Tun asali an fara layin ne don ɗaukar tama daga Itakpe zuwa kamfanin ƙarfe na Ajaokuta. Ka fara da jan duwatsun Kogi da ciyawa irin tamu, ka shiga Edo itatuwa suna ƙara tsawo, kafin ka ankara kwakwar manja ta rufe ko'ina. Ƙasar da muka haddace a taswira tun firamare, ga ta tana canza kaya a gabanka.

Rana ta huɗu ita ce ta banza. Ta biyar, mota da sassafe ta Benin da Ore zuwa Legas, wuni guda ne. Ta shida, jirgi daga Ebute Metta zuwa Abeokuta, a hau dutsen Olumo, a kwana. Ta bakwai, a ƙarasa Ibadan, a leƙa Sabo a ci tuwo a ji Hausa kamar ana Fagge. Ta takwas, mota ta Akure da Okene zuwa Lokoja. Ta tara, Abuja. Ta goma, jirgi zuwa Kaduna. Wani zai ce kwana goma don kilomita 669 na jirgi? E. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Ƙananan abubuwa kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi tikiti ta intanet da sunanka, ka ɗauki hotonsa a waya don ranar da babu sabis. Ka riƙe lambar NIN da katin shaida. Kada ka sayi tikiti a hannun wani a bakin tasha. Da daren da za ka tashi ka duba sanarwar hukumar jiragen ƙasa, da safe ka sake dubawa. Fawa banki, ruwa, dabino, ƙuli-ƙuli, magungunanka. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, ka tambayi malaminka hukuncin haɗa salla tun kana gida. Sannan mutum ɗaya a gida ya riƙe kwafin tsarin, ku riƙa kiransa kullum kafin magariba.

Abu na ƙarshe, don kun san ba na rufe shiri ban taɓo wannan ba. Yin shiri domin jinkiri bai zama mun yarda jinkiri ya zama al'ada ba. Da dukiyar ƙasa da bashin da mu za mu biya aka shimfiɗa layukan nan. Haƙƙin fasinja ne a sanar da shi da wuri in an soke jirgi, a faɗa masa dalili, a mayar masa da kuɗinsa. In ka hau, ka rubuta lokacin da aka tashi da lokacin da aka isa, ka saka a shafinka ba zagi ba ƙari. In an yi daidai ma ka faɗa. Mu ma da namu: masu kwance ƙarafan dogo su sayar, a cikin garuruwanmu suke kwana, kuma akwai wanda ya san su.

Yarinyar nan yanzu tana bautar ƙasa a Kudu. Da takardarta ta fito, mahaifiyarta ta so a nema mata canji, ita ta ce a bar ta, ta ga wajen da idonta. Baba ya sa albarka, da sharaɗinsa na kullum.

In kun taɓa bin ɗaya daga cikin layukan nan, ku faɗa mana a ƙasa yadda kuka kwashe.