Daga Ofishin Jakadanci Zuwa Ɗakin Labarai: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Sababbin 'Yan Jarida a Dutse



Mai girma shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Dutse, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Malamai, iyaye, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da ganin wannan rana.

An gayyato ni ne saboda na ci tuwon gida biyu. Na yi aiki a ofishin jakadanci, da na ajiye kuma na ɗauki alƙalami ina sharhi kan harkokin ƙasashen waje. Ba a kaina farau ba. Marigayi Malam Isa Wali na Kano, wanda rubuce-rubucensa kan matsayin mata a Musulunci suka tayar da ƙura a jaridar Nigerian Citizen a 1956, shi ne daga baya ya zama jakadan Nijeriya a Ghana, ya rasu a 1967. Shi daga rubutu ya tafi jakadanci, ni kuwa daga jakadanci na dawo rubutu.

Abin da ake fara koya wa ƙaramin jami'in jakadanci shi ne kame baki. Za a kwana ana cacar baki a ɗaki, gari na wayewa a fitar da 'yar takarda a ce an tattauna cikin fahimtar juna da 'yan'uwantaka. Da hannuna na sha rubuta irinta. To idan ta zo hannunku, kada ku karanta ta a rediyo ku ce kun ba da labari. Ku tambaya me aka cire, wa ya fice kafin a ɗauki hoto, kuma me ya sa ba a sa ranar zama na gaba ba.

Kada kuma ku ɗauka sai an hau jirgi ake samun labarin waje. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. A Abuja shugabannin ECOWAS suka zauna suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke mata wutar lantarki. Amma wa ya ji a jikinsa? Bafataken da ya saba koro shanu da raƙuma kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dillalin da la'adarsa ta tsaya, direban da tirelarsa ta yi makonni a bakin shinge, da uwar da 'yarta ke aure a Damagaram ta haihu ba halin zuwa suna. Sai a Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, a Maris Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar, duk da haka a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. A tsawon wannan dambarwa, da yawanmu a nan Dutse sai mun kunna BBC, wadda ke magana da Hausa tun 1957, muke jin abin da ke faruwa a gaban Gumel. Ba laifin London ba ne. Mu ne muke da tashar mota.

Jiharmu da ta ba Nijeriya ministan harkokin waje, Alhaji Sule Lamido, daga 1999 zuwa 2003, bai kamata a ce ta rasa masu bin wannan fanni ba. Ga aiki nan a ƙofar gida: layin dogon Kano zuwa Maraɗi yana da reshe da zai shigo Dutse. Ku bi shi, ku san wa ya ba da bashin, wa aka biya diyyar gonarsa, wa har yau yake jira. Ku kuma koyi Faransanci, ko da na ciniki ne, domin takardun gwamnatin maƙwabtanmu da shi ake rubuta su.

 'Ya'yana, Allah ya yi wa takardunku albarka.