Raunin da Ba Ya Zub da Jini

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19.

Mu mutanen Gombe mun ga tashin hankali da idonmu. A Disamba 2014 bam ya tashi a tashar Dukku. A Yuli 2015, ana cikin cefanen ƙaramar Sallah, wasu biyu suka tashi a babbar kasuwa. 'Yan'uwa kuma suka yi gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa, suka sauka a gidajenmu. An gyara shaguna, motoci suna lodi kamar dā. Amma har yau akwai wanda in tayar mota ta fashe sai jikinsa ya kama rawa. Akwai uwar da ba ta barci sai asuba, domin mafarki ɗaya yake komo mata.

Masana halayyar ɗan Adam sun bincika wannan abu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike daga ƙasashe 39, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet. Sun iske cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko firgicin da ke bin bayan masifa, ko wata cutar ƙwaƙwalwa. In akwai mutum 100 a majami'a irin wannan, wajen 20 ke nan. Sun bayyana cewa jiki yakan ci gaba da tsaro ko da haɗari ya wuce: zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace, mutum ya guji wurin da abin ya faru, fushi ya zo ba dalili.

Sau da yawa mukan ce wa irin wannan ɗan'uwa, "Ina bangaskiyarka?" To, mu dubi Iliya. Wannan annabi ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel. Duk da haka da Yezebel ta yi barazanar kashe shi, ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, har sau biyu. A Horeb kuma sau biyu Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zazzage cikinsa. Daga baya ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, wato Elisha.

Abin da masana suke koyarwa bai yi nisa da wannan ba. Taimakon farko shi ne a biya bukatar jiki, a saurari mutum ba tare da tilasta masa magana ba, a haɗa shi da masu taimako. A Peshawar ta Pakistan an horar da mutanen da ba likitoci ba su zauna da masu damuwa sau 5, kuma binciken 2016 ya nuna an sami sauƙi ƙwarai. A Borno, Dokta Fatima Akilu da gidauniyar Neem sun kai masu ba da shawara har cikin unguwanni.

Saboda haka, baba da mama, zumuntar mata, dattawan ikilisiya, ga aikinmu. Mu kai abinci, mu zauna. Mu bar mutum ya yi magana da harshen da ya sha a nono, Tangale ne, Waja, Tera, Bura ko Margi, gama kuka ya fi fita da harshen gida. Abin da muka ji, ya tsaya a cikinmu. In yaro ya koma fitsarin kwance bayan firgita, kada a doke shi.

In alamun sun wuce wata guda suna hana aiki da barci, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi a ranar. Wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi ɗori. Haka nan wannan.

Kai kuma da kake saurare da nauyi a ƙirji, ba kai kaɗai ba ne, kuma Allah bai yashe ka ba. Ka nemi mutum ɗaya amintacce a makon nan, ka faɗa masa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba marasa barci hutawa, ka ba mu kunnen ji da haƙurin zama da su. Cikin sunan Yesu. Amin.