Ruwan ƙazanta ba ya jiran a maido wuta

'Yan uwana matasa na Tasawa da Mayahi,

Kun tuna watan Agustan 2023? Bayan juyin mulki CEDEAO ta sa mana takunkumi, Najeriya ta yanke wuta. Lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga can yake zuwa, namu na jihar Maraɗi kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya yi kukan zafi da cajin waya, amma babbar ɓarnar a ruwa take.

In wuta ta ɗauke, injin rijiya ya tsaya, shato ya bushe, famfo ya ƙafe. Babu ruwan wanke hannu, babu na wanke masai, har a ɗakin haihuwa. Da damina kuma kwata ta cika, salga ta tumbatsa, duka su gangara tabkunan da ke cikin Tasawa, inda yaranmu ke wanka. A kwarin Gulbin Kaba kuwa, ƙazantar da ta nutse cikin rairayi tana iya kaiwa rijiyoyi. Ta haka kwalara ke shigowa, kuma jiharmu ta ɗanɗana ta a 2018 da 2021.

To mene ne mafita? Rana ce, wadda Allah ya hore mana kyauta. Malbaza na da tashar wutar rana tun 2018, Gorou Banda ta samu tata a 2023. Mu ba ma neman mai girman haka. Buƙatunmu uku ne.

Na ɗaya, kowane injin ruwa da injin janye ruwan tabki a haɗa shi da faifan hasken rana, kada ya dogara da NIGELEC da gazuwal kaɗai.

Na biyu, a yi tanadin ranar hadari. A cika shato tun da rana, a sa batir a asibitoci, domin ranar da ruwa ya fi yawa ita ce ranar da haske ya fi ƙaranci.

Na uku, a ware kuɗin gyara cikin kasafin gari, a horar da matasanmu. Ƙurar hunturu kaɗai tana rage ƙarfin faifan in ba a goge shi ba.

Saboda haka mu rubuta waɗannan buƙatu, mu kai ofishin magajin gari, mu nemi amsa a rubuce kafin ruwan farko ya sauka. Wa zai zo mu tafi tare?