Asusun Malamai da Hannun Jarin Jirgin Sama: Jawabin Kwamitin Gama Kai

Jawabin da kwamitin kula da asusun gama kai ya gabatar a taron haɗin gwiwa na rassan ƙungiyar malamai na Anka, Gummi da Bukkuyum.

 

Malam Shugaba, shugabannin rassa uku, iyayenmu da suka ajiye alli bayan doguwar hidima, 'yan'uwa malamai maza da mata. Muna yi wa kowa barka da zuwa, musamman waɗanda suka baro ƙauyuka da sassafe a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu a wannan zamani. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

A zaman da ya gabata wasu 'yan'uwa sun kawo shawara cewa a ɗebi wani kaso daga asusunmu a sayi hannun jarin kamfanin jirgin sama na ƙasa. Hujjarsu ita ce, kamfanin da ke cikin wahala hannun jarinsa yakan yi araha, kuma gwamnati ba za ta bar kamfanin da ke ɗauke da tutarta ya mutu ba, saboda haka wanda ya saya yau zai yi dariya gobe. Aka ɗora mana nauyin bincike. Ga abin da muka samo, da kuma abin da muke ba da shawara a kai.

Da farko muna yaba wa masu shawarar. Niyyarsu kyakkyawa ce. Kuɗin da ke kwance a asusu tsadar rayuwa tana cin sa kullum kamar yadda gara ke cin rufin rumbu, kuma wanda ya ce a nema masa wurin da zai hayayyafa ya yi tunanin uba. Abin da muka duba shi ne ko wannan wurin da aka nuna shi ne wurin.

Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Wanda ya saya ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, daidai gwargwadon abin da ya zuba. In an ci riba a raba da shi, in an yi asara ta shafe shi. Babu wanda ya yi masa alkawarin mai da masa uwar kuɗinsa. In kuwa kamfanin ya rushe aka zo sayar da kadarorinsa, doka ta jera masu karɓa sahu-sahu: masu bashin da ke riƙe da jingina, da haƙƙin ma'aikata, da haraji, da sauran masu bashi, sannan a can ƙarshe mai hannun jari. Kamar rabon gado ne: sai an biya bashin mamaci kafin magada su miƙa hannu. Kamfanin da bashinsa ya fi dukiyarsa, magadansa kan tashi hannu rabbana.

Mu a nan yankin ba baƙi ba ne ga jirgin ƙasarmu. An kafa Nigeria Airways a 1958, gwamnatin tarayya ta mallake shi baki ɗaya a 1961. Tambarinsa giwa ce mai fukafuki, kuma shi ya yi shekaru yana ɗaukar iyayenmu zuwa Jidda. Akwai gidaje a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996, da har yau ke tuna 11 ga Yuli 1991, ranar da jirgin da aka yi hayarsa domin dawo da alhazai Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Allah Ya jiƙan su. Muna faɗin haka ne domin a san cewa ba ƙiyayya ke sa mu magana ba. Sunan jirgin ƙasa yana da wuri a zukatanmu.

Amma me ya faru da kamfanin? A farkon shekarun 1980 yana da jirage kusan talatin. Bashi da rashin kyakkyawan shugabanci suka ci shi sannu a hankali, har ya daina tashi a 2003, aka rushe shi. Ma'aikatansa, waɗanda a sahun karɓa suna gaban duk wani mai hannun jari, sun yi shekara goma sha biyar suna bin haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince a biya su wani kaso. Da yawa sun rasu kafin ranar. Mu malamai mun san ɗacin jiran garatuti, ba sai an fassara mana ba. To, in wanda ya yi wa kamfani gumi ya jira haka, me mai takardar hannun jari zai tarar?

Bayan haka aka sake gwadawa. An kafa Virgin Nigeria, ya fara tashi a 2005, kamfanin Virgin Atlantic na Ingila da kashi 49, masu zuba jari na gida da kashi 51. Ba a jima ba Turawan suka janye, aka canza masa suna zuwa Nigerian Eagle, aka sake canzawa zuwa Air Nigeria, a 2012 ya rufe. A Yulin 2018 ƙaramin ministan harkokin jiragen sama na lokacin, Sanata Hadi Sirika, ya bayyana suna da tambarin Nigeria Air a wani baje kolin jirage a Ingila, bayan wata biyu aka dakatar da shirin. Aka farfaɗo da shi a 2022 bisa tsarin cewa Ethiopian Airlines zai riƙe kashi 49, wasu kamfanonin gida kashi 46, gwamnati kashi 5. A ƙarshen Mayun 2023 aka sauke jirgi ɗaya a Abuja mai ɗauke da sunan, daga baya ta tabbata cewa na kamfanin Habasha ne. Sabuwar gwamnati ta dakatar da shirin, kuma a 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke cinikin.

A nan muna roƙon kowa ya buɗe kunne. Babu hannun jarin Nigeria Air a kasuwar hannun jari ta Najeriya. Ba a taɓa fitar da shi ga jama'a ba. Mun sami labarin wani mutum da ya zagaya wasu makarantunmu da takardu masu hoton jirgi, yana cewa a yi rajista da wuri kafin a buɗe wa kowa. Duk wanda ya zo muku da irin wannan, kada ku ba shi ko sisi, ku sanar da shugaban reshe. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wani zai ce wannan halin Najeriya ne. Bari mu leƙa maƙwabta. Air Afrique, wanda Jamhuriyar Nijar da wasu ƙasashe rainon Faransa suka haɗu suka mallaka, ya durƙushe a 2002. Ghana Airways ya bi bayansa cikin 'yan shekaru. Kamfanin jirgin Afirka ta Kudu ya shiga hannun masu ceto a Disambar 2019. Amma misalin da ya fi dacewa da shawarar da ke gabanmu shi ne Kenya Airways, domin shi talakawa sun sayi hannun jarinsa da gaske tun da aka sayar wa jama'a a 1996. Da asara ta yi yawa, a 2017 aka mai da bashin da gwamnati da bankuna ke bin sa ya zama hannun jari. Gwamnati ta koma da kusan kashi 49, bankuna da kashi 38, ƙananan masu hannun jari kuwa, da a da ke riƙe da fiye da kashi 40, suka koma ƙasa da kashi 3. A Yulin 2020 aka dakatar da cinikin hannun jarin a kasuwar Nairobi, ba a buɗe ba sai Janairun 2025. Shekara huɗu da rabi mai takarda ba ya iya sayarwa, ko da ɗansa na kwance a asibiti.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Gwamnatin Kenya ba ta bar kamfanin ya mutu ba, kamar yadda 'yan'uwanmu suka yi hasashe. Jiragen sun ci gaba da tashi, har kamfanin ya ci riba a 2024. Sai dai ceton kamfani daban, ceton mai hannun jari daban. A ce mutum goma ke da gona, kowa da kadada ɗaya, bashi ya ci su, mai bashi ya ce ya yafe amma a rubuta shi a matsayin mai kashi casa'in cikin ɗari. Gona tana nan, ana noma ta, amma kowane ɗaya daga cikin goman nan ya koma da ushirin abin da yake da shi. Mun taɓa ganin irin wannan a gida. Malamai da yawa sun sayi hannun jarin bankuna a lokacin haɗewar bankuna ta 2004 da 2005, wasu har da rance. Kasuwa ta faɗi a 2008. A 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu ajiya suka tsira da kuɗinsu, masu hannun jari suka tsira da takarda. Akwai masu irin wannan takarda a cikin zauren nan.

Me ya sa harkar jirgin sama ke da wuyar riba haka? Kamfanin da ke aiki a Najeriya yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi da kayan gyara da inshora da babban gyaran da ake kai jirgi waje a yi, duk da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, cikin 2024 ta haye naira 1,500. Bashin dala ya ninka sau uku ba tare da an ƙara karɓar ko kwabo ba. Ga man jirgi, wanda ke cin babban kaso na kuɗin shiga. Sannan kujerar jirgi ta fi tumatir saurin lalacewa: mai tumatir a kasuwar Gummi in bai sayar yau ba zai yanka ya shanya, amma kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan har abada. Ko kamfanoni masu zaman kansu ba su tsira ba, domin hukumar AMCON ta karɓe Aero Contractors a 2016, ta karɓe Arik a 2017, saboda bashi. In kamfanin na gwamnati ne kuwa, sai a ƙara masa wani nauyi: kowane minista da ra'ayinsa, kuma akan tilasta masa zuwa garuruwan da babu riba. Gaskiya ne Ethiopian Airlines ya yi fice a Afirka, amma shi mallakar gwamnatin Habasha ne baki ɗaya, babu hannun jarinsa a kasuwa.

Akwai kuma fuskar addini. Malaman da ke tantance hannun jari bisa Shari'a ba su tsaya ga duba sana'ar kamfani kaɗai ba, suna duba yawan bashin ruwa da ke kansa, kuma ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada bashin ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku. Kamfanin da ake ce wa yana cikin wahala, galibi bashin ruwa ne ya kai shi can.

Yanzu mu dubi kuɗin da ake magana a kai. Daga albashin malamin firamare ake cire shi wata-wata. Da shi ake ba mu rancen taki kafin damina, da kuɗin makarantar yara, da na asibiti. Da ambaliya ta ci gidaje a Gummi a 2024, irin wannan asusu ne mutum ke fara tunawa. Malamin da rashin tsaro ya raba da ƙauyen da yake koyarwa, nan yake zuwa neman kuɗin hayar ɗaki a Anka. Dukiyar da za a iya nema gobe da safe ba a kai ta inda za a iya kulle ƙofa shekara huɗu. Kuma amana ce. Wanda ya yi kasada da kuɗinsa, shi da aljihunsa. Mu da aka ba ajiyar marayun abokan aikinmu ba mu da wannan 'yanci.

Saboda haka shawararmu ita ce kada a saka ko naira ɗaya ta asusun gama kai a hannun jarin kamfanin jirgin sama, na ƙasa ko na 'yan kasuwa, yanzu ko in an sake kafa wani nan gaba, sai in ya yi shekaru yana bayyana riba a rahoton da aka tantance, sannan babban taro ya sake zama a kai. Rarar da ke akwai kuwa, muna ba da shawarar a duba Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017 domin gina hanyoyi, kuma yake biyan kuɗin haya duk wata shida. Shi ma tsadar rayuwa na iya rage amfaninsa, amma uwar kuɗi tana da ranar dawowa. Ragowar a faɗaɗa sayen hatsi da kaka domin raba wa membobi da rani, sana'ar da mun san kanta da gindinta.

Wanda kuma ya ga yana so ya gwada da kuɗin kansa, ba mu hana shi ba. Muna dai roƙonsa ya bi ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC, ya tabbatar an buɗe masa asusun CSCS da sunansa, ya nemi rahoton kuɗin kamfanin na shekara uku ya karanta ko ya sa a karanta masa, kada ya ci bashi domin saye, kuma kada ya zuba abin da in ya salwanta tukunyar gidansa za ta sauka daga murhu.

Muna fatan wata rana Najeriya ta sami jirgi mai ɗauke da tutarta wanda za mu yi alfahari da shi, ya ɗauki alhazanmu, mu ma Allah Ya sa muna cikinsu. In ranar ta zo, tikiti za mu saya.

Malam Shugaba, wannan shi ne rahotonmu, kuma hukunci na taro ne. Littattafan asusu suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa kafin a kaɗa ƙuri'a. Allah Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.