GURASAR IDI: ABIN DA MADAFAR YAHUDAWA TAKE KOYA MANA

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Fitowa sura 12 da Wasiƙar Korantiyawa ta Fari sura 5. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe ya karanta bayan mun gama. Yau za mu leƙa madafar Yahudawa, mu ga irin gurasa da kayan zaƙi da suke toyawa a lokacin idodinsu. Ba domin mu koma ƙarƙashin Shari'a ba ne, gama Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa kada kowa ya hukunta su a kan ci ko sha ko ranar idi. Amma Ubangijinmu a gidan Yahudawa ya yi girma, a Idin Ƙetarewa kuma ya ɗauki gurasa ya kafa mana Jibin Ubangiji. Wanda ya san wannan gurasa zai ƙara fahimtar teburin da yake zuwa.

A gidan Bayahude, kowane idi da abincinsa, kowane abinci kuma da darasinsa. A sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa a watan Satumba ko farkon Oktoba, sukan gasa gurasa mai kewaye da zabibi a ciki, su tsoma ta a zuma, su yi kek na zuma, suna roƙon Allah shekara mai daɗi. A idin Hanuka, wanda Yohanna ya ambata a sura 10, suna tuna yadda aka sāke tsarkake Haikali a shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu. Kwana 8 suna cin abin da aka soya da mai, har da wani kamar fanke da ake cusa wa zaƙi a ciki, saboda labarin da malamansu suka bayar na man fitila kaɗan da ya kai kwana 8 yana ci. Waɗansu daga cikin al'adun nan umarni ne na Littafi Mai Tsarki, waɗansu kuwa daga baya suka shigo. Duk da haka manufarsu ɗaya ce, wato yaro ya ɗanɗana, ya yi tambaya, uba ya ba shi labarin abin da Allah ya yi. Bari mu ɗauki gurasa huɗu mu duba.

Ta fari ita ce gurasar Asabar, wadda suke kira halla. Ana yin ta da garin alkama, da ruwa, da yisti, da mai, da ƙwai, a raba curin a murza shi kamar igiya, sa'an nan a kitse shi, wani da tufka 3, wani da 6. Ranar Jumma'a da yamma ana ɗora guda biyu a kan tebur a rufe su da ƙyalle. Don me biyu? Domin a jeji, shekara 40, Allah yakan ba Isra'ilawa manna kowace safiya, amma a rana ta shida yakan ba su riɓi biyu domin su huta ran Asabar. Wanda ya ɓoye manna a sauran ranaku saboda tsoron gobe, sai ya tashi ya tarar ta yi tsutsa tana wari.

Sunan nan halla, asalinsa ba sunan gurasar da aka kitse ba ne. Sunan ɗan curin da ake cirewa ne. Bisa ga Littafin Ƙidaya sura 15, kafin a gasa, sai a keɓe wa Ubangiji na fari daga cikin curin. Dā firistoci ake ba. An rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, amma har wa yau mace mai kiyaye addini takan tsinke kamar girman ɗan zaitun, ta yi godiya, ta ƙone shi. Ku lura, 'yan'uwa, kafin a gasa ake cirewa, ba bayan an ƙoshi ba. Mu fa? Sau nawa albashi yakan shigo, ko a kai amfanin gona rumbu, sai mun biya kowa, sa'an nan mu lalubi ɗan canjin da ya rage a aljihu domin baiko? Allah ba almajiri ba ne da za a kankare masa ƙanzo.

Ta biyu ita ce ta idin Furim, lokacin da suke tuna yadda Allah ya cece su daga makircin Haman ta hannun Sarauniya Esta. Yahudawan Turai sukan yi wani ɗan abin zaƙi mai kusurwa uku, a fāɗaɗa curi a yanka shi kewaye, a sa dafaffen 'ya'yan itace a tsakiya, a naɗo gefensa ta wuri uku a gasa. Da Ibrananci suna ce masa kunnuwan Haman. Amma ba domin cikin mai gida kaɗai ake yinsa ba. Esta sura 9 ta nuna cewa a wannan idi za a aika wa juna rabon abinci, a kuma ba matalauta kyauta. Malamansu suka ƙayyade cewa kowa ya aika wa aƙalla mutum ɗaya abinci iri biyu, ya kuma taimaki matalauta aƙalla biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Mun san kwanon shinkafa da cincin da yara suke kai wa maƙwabta ran Kirsimeti, mun kuma san kwanon da yake shigowa gidajenmu ran Salla. A wuraren da tashin hankali ya raba unguwanni, kwanon nan ya fara ɓacewa. Ina roƙonku, kada ya mutu a hannunmu. Kwanon da ya ƙetare katanga yana yin wa'azin da lasifika ba ta iya yi.

Ta uku ita ce babbar maganarmu, wato gurasa marar yisti ta Idin Ƙetarewa, wadda suke kira matsa. Gari ne da ruwa kawai. Babu mai, babu gishiri, babu zaƙi. Isra'ilawa sun fita Masar da gaggawa, curinsu bai sami lokacin tashi ba, saboda haka aka umarce su su ci irinta kwana 7 kowace shekara. Yahudawan da suke zaune a wajen ƙasar Isra'ila, da yawansu kwana 8 suke yi. Daga lokacin da ruwa ya taɓa gari har a fitar da ita daga tanderu, ba a yarda a wuce minti 18 ba, gama sun lura idan kwaɓi ya zauna yakan soma tsami da kansa ko ba a sa masa kome ba. Ana murza ta siririya a huda ta wuri da yawa domin kada ta kumbura. Ko kayan zaƙin wannan mako ba a sa musu yisti. Da garin dankalin Turawa, ko kwakwa da farin ƙwai da aka kaɗa sosai ake yinsu.

Kafin idin, akan share gida ƙaf. Daren da ya rage kwana ɗaya, mai gida yakan ɗauki kyandir, da gashin tsuntsu, da cokalin itace, ya bi lungu lungu yana neman ɓarɓashin burodi. A gidaje da yawa akan ɓoye gutsure 10 domin a nemo su. Da safe a ƙone abin da aka tara.

Iyayenmu mata masu yin waina da funkaso sun san aikin yisti. Ɗan kaɗan ake sawa, a rufe, a kwanta, da safe ƙulli ya cika tukunya, ba wanda ya ji motsinsa. A zamanin dā ba a sayen yisti a kanti. Guntun tsohon curi mai tsami ake ajiyewa a cuɗa shi cikin sabo. Wato tsamin jiya shi yake shiga abincin yau. Da wannan misali Bulus ya tsawata wa ikkilisiyar Koranti, wadda ta bar zunubi a tsakiyarta tana kuma fahariya. Ya ce musu su fitar da tsohon yisti, tun da yake an riga an miƙa Almasihu, Ɗan Ragonmu na Ƙetarewa. Ɗan'uwana, wane tsohon curi kake ajiyewa? Gabar da ka gada a kan gona? Maganar da aka faɗa maka a taron dattawa shekara 5 da suka wuce? 'Yar'uwata, ko akwai wadda ba kya gaisawa da ita a zumuntar mata, ga shi kuna shan ƙoƙo ɗaya ran Lahadi?

Akwai wani yisti da ya fi saurin tashi, shi ne jita-jita. Abin baƙin ciki, a kan gurasar nan aka taɓa ƙulla ɗaya daga cikin mugayen ƙarairayin duniya, masu kiran sunan Almasihu kuwa su suka yaɗa ta. A Turai aka riƙa cewa Yahudawa suna kashe yaran Kirista su kwaɓa matsa da jininsu. Ƙarya ce tsagwaronta. Littafin Firistoci sura 17 ya haramta musu cin jini kowane iri, har ma mai kiyaye addini idan za ta yi kek takan fasa ƙwai daban ta duba, in ta ga ɗigon jini ta zubar. Fafaroma Innosent na Huɗu ya ƙaryata zargin a 1247, amma bai mutu ba. A 1475, a garin Tirento na ƙasar Italiya, aka tsinci gawar wani yaro, aka azabtar da Yahudawan garin aka kashe waɗansu, aka mai da yaron abin girmamawa, sai a 1965 Ikkilisiyar Katolika ta soke wannan. A 1946, a garin Kiyelse na ƙasar Folan, labarin ƙarya na satar yaro ya jawo aka kashe Yahudawa 42. Mu da muka ga yadda "an ce" take ƙone kasuwa da wuraren sujada, ya kamata mu ji tsoro. Kafin ka idar da labari a kan wata kabila ko wani addini, tambayi kanka: na gani da idona? Idan ba ka gani ba, bar shi ya mutu a bakinka.

Ta huɗu ita ce ta'aziyyarmu. Kwana 50 bayan Ƙetarewa sai Idin Makonni, wanda muka sani da Fentikos. A nan Littafin Firistoci sura 23 ya umarta a kawo gurasa biyu na sabuwar alkama, kuma da yisti za a gasa su. Ba a ƙone su a bisa bagade, firist ne yake kaɗa su a gaban Ubangiji tare da hadaya. Masu fassara da dama suna ganin hotonmu a nan, mutane masu sauran tsami, waɗanda Allah ya karɓa saboda hadayar da take tare da su. A wannan idi ne Ruhu Mai Tsarki ya sauko, aka yi wa mutum wajen 3,000 baftisma. Saboda haka ba muna shara domin Allah ya karɓe mu ba ne. Ya riga ya karɓe mu cikin Almasihu, shi ya sa muke shara.

To, mai sauraro, kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, ɗauki fitilar Maganar Allah ka bi lungunan zuciyarka. Abin da ka samu, kada ka mayar da shi ƙarƙashin tabarma. Furta shi ga Ubangiji, in kuwa akwai wanda ka yi wa laifi, taka ka je gidansa a cikin makon nan.

Mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, mun gode maka domin abincin da kake ba mu kowace rana, mun kuma gode domin Ɗanka da aka ba da jikinsa dominmu. Ka haskaka zukatanmu, ka nuna mana tsohon tsamin da muka ɓoye, ka ba mu ƙarfin hali mu fitar da shi. Ka tsare bakinmu daga ƙarya, ka buɗe hannunmu ga maƙwabci. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.